Poland: Da Gaske Kowa Ɗan Katolika Ne, Kuma Babu Musulmi Ko Ɗaya?

Duk bayan 'yan watanni sai wani gajeren bidiyo ya sake dawowa a WhatsApp da TikTok. Wani ɗan siyasar Poland ne a ciki, yana bugun ƙirji a gaban 'yar jarida cewa ƙasarsu ba za ta karɓi baƙon haure Musulmi ko ɗaya ba. A ƙarƙashin bidiyon sai ka ga mutane sun rabu biyu. Wasu na tsine wa ƙasar, suna cewa ta haramta Musulunci baki ɗaya. Wasu kuma na yaba mata, wai ita kaɗai ta rage a Turai mai riƙe da addininta, shi ya sa take zaune lafiya. Dukkansu sun yarda da abu guda ba tare da sun bincika ba: cewa Poland ƙasa ce mai ƙabila ɗaya da addini ɗaya tun fil azal, kuma haka take har gobe.

Yawancinmu dai ta hanyar Robert Lewandowski muka san sunan ƙasar, sai kuma a 2022 da ɗalibanmu da ke karatu a Ukraine suka tsere ta kan iyakarta. Saboda haka ya dace a zauna a warware: mutum nawa ne a Poland, me suke bauta wa, yaya aka yi ƙasar ta zama yadda take, kuma ina ta dosa?

Su nawa ne, kuma su wane ne

Poland na tsakiyar Turai, tana iyaka da Jamus daga yamma, da Belarus da Ukraine daga gabas. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 312,000, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. Ƙidayar 2021 ta samu mutum miliyan 38 da 'yan kai. Wannan ya gaza na ƙidayar 2011 da kusan rabin miliyan, kuma tun daga lokacin adadin sai ƙara yin ƙasa yake, har ya sauko wajen miliyan 37 da rabi. Kusan mutum shida cikin goma a birane suke. Warsaw, babban birnin, bai cika miliyan biyu ba.

Ta fuskar ƙabila kuwa, fiye da kashi 95 cikin ɗari sun ce su 'yan asalin Poland ne, kuma harshe ɗaya suke yi. Ga wanda ya tashi a ƙasar da tafiyar awa biyu a mota kan kai shi inda ba ya jin yaren mutane, wannan abin mamaki ne. Akwai dai tsiraru. Kusan mutum 600,000 sun kira kansu 'yan Silesiya, yankin ma'adinan kwal da ke kudu. Akwai Kashubawa wajen 180,000 a kusa da tekun Baltik, masu nasu harshen. Akwai Jamusawa, da 'yan Ukraine da na Belarus da suka daɗe a ƙasar, da 'yan ƙabilar Roma da aka fi sani da Gypsy, da kuma wata ƙaramar al'umma ta Musulmi da ake kira Tatar, waɗanda za mu dawo kansu.

Abin da ƙidayar ta nuna game da addini

A Najeriya an cire tambayar addini da ta ƙabila daga ƙidayar 2006 don gudun rigima. A Poland ana tambaya, amma mutum na da damar ya ce ba zai amsa ba. A wannan damar ce labarin yake.

A 2011, kashi 87.6 cikin ɗari sun ce su 'yan ɗariƙar Katolika ne. A 2021 sai adadin ya faɗo zuwa kashi 71.3, wato daga mutum miliyan 33 da ɗoriya zuwa miliyan 27. Waɗanda suka fito fili suka ce ba su da addini sun tashi daga kashi 2.4 zuwa kusan kashi 7. Amma rukunin da ya fi kumbura shi ne na waɗanda suka ƙi amsawa: daga kashi 7 zuwa sama da kashi 20. Mutum ɗaya cikin kowane biyar ya ja bakinsa ya yi shiru.

An yi ta muhawara kan wannan shirun. Masu kare coci sun ce ba za a lissafa mai shiru a matsayin wanda ya bar addini ba, domin akwai wanda kawai yake ganin imaninsa bai shafi hukuma ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai ni ina ganin a ƙasar da shekara goma kacal da suka wuce mutum ke faɗin ɗariƙarsa kamar yadda yake faɗin sunan garinsu, shirun miliyoyin mutane a lokaci guda ba zai rasa ma'ana ba.

Sauran addinai duk a jimlace ba su taka kara sun karya ba. Mabiya cocin Otodoks sun kai wajen 150,000 a ƙidayar, yawancinsu a gabas, yankin Białystok da Hajnówka. Shaidun Jehobah sun haura 100,000, abin da ya sa suka zama na uku. Mabiya Luther wajen 65,000 ne, cibiyarsu na kudu a kewayen Cieszyn. Musulmi da Yahudawa kowannensu bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Akwai wani lissafin da ya fi na ƙidaya faɗin gaskiya, kuma cocin ne da kansa yake yi. Kowace shekara ana ware wata Lahadi guda a lokacin kaka, a tsayar da mutane a ƙofar kowace majami'a a faɗin ƙasar suna ƙirga masu shigowa ɗaya bayan ɗaya, maza daban mata daban. Sai a cire ƙananan yara da marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fita, a ga kashi nawa ne na waɗanda ibadar ta wajaba a kansu suka zo. A 1980 fiye da rabi ne. A 2019 kashi 37 ne. Bayan annobar korona ya sauka ƙasa da kashi 30, kuma bai koma inda yake ba. A yankin Tarnów da ke kudu maso gabas har yanzu mutum shida cikin goma na zuwa, amma a yankin Szczecin da ke arewa maso yamma ba su kai biyu ba. Ka riƙe wannan bambanci na gabas da yamma, domin tarihi ne ya haife shi.

Da can kasuwar addinai ce

Kiristanci ya shiga Poland a 966, lokacin da aka yi wa sarki Mieszko na Ɗaya baftisma bayan ya auri wata gimbiya Kirista daga Bohemiya. Daga wannan shekarar 'yan ƙasar ke fara lissafin tarihinsu. Amma daular da ta girma daga baya, musamman bayan haɗewarta da Lituweniya a 1569, ta haɗa jinsi iri-iri: 'yan Katolika, 'yan Otodoks, mabiya Luther da Calvin, Armeniyawa, Yahudawa da Musulmi. A 1573, 'yan watanni bayan kisan gillar da aka yi wa Furotesta a Faransa, manyan ƙasar suka taru a Warsaw suka rattaba hannu cewa ba za su zubar da jinin juna a kan saɓanin addini ba. A Turai ta wancan zamani wannan baƙon abu ne.

Yahudawa kuwa tun 1264 wani basarake ya ba su takardar kariya a Kalisz. Da aka riƙa korarsu daga ƙasashen yammacin Turai, nan suka riƙa kwararowa, har Poland ta zama matattarar Yahudawa mafi girma a duniya na tsawon ƙarnuka. Ba wai babu tsangwama ba ne, akwai ta, wani lokaci har da kisa. Amma sun kafa garuruwa da makarantu da kotunansu.

Ko a ƙarni na ashirin haka abin yake. Ƙidayar 1931 ta samu mutum kusan miliyan 32, kuma 'yan Katolika na Roma kashi 65 ne kawai. 'Yan Otodoks kusan kashi 12, Katolikan gabas masu bin tsarin Girka kashi 10, Yahudawa kusan kashi 10. Mutum ɗaya cikin uku a Warsaw Bayahude ne. Wato kakan Lewandowski ya tashi a ƙasar da ta fi Faransa ko Jamus ta yau cakuɗuwar addinai.

Shekara takwas da suka sauya fuskar ƙasa

To ina waɗannan mutane suka tafi? Nan ne masu yabon Poland a intanet ba sa son tsayawa.

A watan Satumban 1939 Jamus ta Hitler ta afka wa ƙasar ta yamma, Tarayyar Sobiyet ta shigo ta gabas, suka raba ta. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945, kusan 'yan ƙasa miliyan 6 sun mutu, wato kamar mutum ɗaya cikin shida. Rabinsu Yahudawa ne. Cikin Yahudawa sama da miliyan 3 da ke ƙasar, kusan kashi 90 cikin ɗari 'yan Nazi suka kashe, a unguwannin da aka killace su da kuma sansanonin da Jamusawa suka gina a ƙasar da suka mamaye, irin su Auschwitz da Treblinka. Waɗanda suka tsira ma ba su samu sakewa ba. A Yulin 1946 aka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce, dubbai suka tattara suka bar ƙasar. A 1968 gwamnatin gurguzu ta sake tayar musu da ƙura, wasu kimanin 13,000 suka fice. Yau waɗanda suka kira kansu Yahudawa a ƙidaya ba su kai 20,000 ba.

Sannan manyan ƙasashen da suka ci yaƙi suka zauna a Yalta da Potsdam suka ɗaga ƙasar ɗungurungum suka matsar da ita yamma, kamar mai jan tabarma daga rana zuwa inuwa. Gabashinta, inda 'yan Otodoks da Katolikan gabas suka fi yawa, ya koma hannun Sobiyet, har da manyan biranen Lviv da Vilnius. A madadin haka aka yanko mata yankunan Jamus, aka kori miliyoyin Jamusawa, akasarinsu Furotesta. Birnin Breslau ya koma Wrocław, Stettin ya koma Szczecin, aka zuba sababbin mutane a gidajen da masu su suka bari. A 1947 kuma sojoji suka kwashe 'yan Ukraine da 'yan ƙaramar ƙabilar Lemko kimanin 140,000 daga ƙauyukansu na kudu maso gabas aka warwatsa su a yamma da arewa don su narke.

Ƙidayar 1946 ta samu mutum ƙasa da miliyan 24, daga kusan miliyan 35 kafin yaƙi. Waɗanda suka rage kusan duka masu harshe ɗaya ne, 'yan ɗariƙa ɗaya. Kisan kiyashi da kora da sauya iyaka ne suka samar da wannan kamanni, kuma yawancin hukuncin ba 'yan Poland ne suka yanke shi ba. Shi ya sa yammacin ƙasar, inda aka tara mutanen da aka tumɓuke daga tushensu, ya fi saurin sakin coci, gabas da kudu kuma, inda iyali ke zaune a ƙauye ɗaya tun kaka da kakanni, suka fi riƙo.

Yadda coci ya zama gatan al'umma

Don a gane ƙarfin cocin Katolika a ƙasar, sai an koma 1795. A shekarar ce Rasha da Prusiya (wata masarautar Jamusawa) da Austiriya suka gama raba Poland a tsakaninsu, sunanta ya ɓace daga taswira har tsawon shekara 123. Masu mulkin Rasha 'yan Otodoks ne, na Prusiya Furotesta. Da aka hana harshen a makarantu da ofisoshi, majami'a ta zama inda mutum zai ji yarensa a bainar jama'a. Daga nan zama ɗan Poland da zama ɗan Katolika suka fara zama kamar ɗan Juma da ɗan Jummai.

Mulkin gurguzu na bayan 1945 ya ƙara ɗaure wannan igiya. Gwamnati ta tsare shugaban cocin, Kadinal Stefan Wyszyński, daga 1953 zuwa 1956. Ta gina sabon garin ma'aikatan ƙarfe, Nowa Huta, a gefen Kraków, da niyyar ya zama gari marar coci. Ma'aikatan suka kafa gicciye a fili, da aka zo cire shi a 1960 aka yi arangama, kuma a ƙarshe sai da suka gina cocinsu aka buɗe a 1977. Limamin da ya tsaya musu, Karol Wojtyła, shi ne ya zama Fafaroma John Paul na Biyu a 1978, wanda manya a Kaduna za su tuna da zuwansa garin a 1982. Ziyararsa gida a 1979 ta tara miliyoyin mutane, shekara guda bayan haka ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność ta ɓullo a tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdańsk ƙarƙashin Lech Wałęsa. A 1984 jami'an tsaron farin kaya suka kashe wani matashin limamin coci mai goyon bayanta, Jerzy Popiełuszko. A wancan lokaci har wanda bai damu da ibada ba yakan je coci, domin zuwan kansa wata hanya ce ta nuna wa gwamnati ƙin jini.

Me ya sa matasa ke zamewa

Da gurguzu ya faɗi a 1989, coci ya tashi daga mai adawa ya koma na kusa da masu mulki. An maido da darasin addini a makarantun gwamnati a 1990. An kafa dokar zubar da ciki mai tsauri a 1993. Daga 2015 zuwa 2023, lokacin mulkin jam'iyyar PiS mai ra'ayin mazan jiya, kusancin ya ƙara fitowa fili, har aka taƙaita buɗe manyan shaguna ranar Lahadi tun daga 2018. Wanda yake ƙin gwamnati sai ya fara haɗawa da limaman da ke zaune kusa da ita.

Abubuwa biyu suka zo a jere suka girgiza jama'a. A 2019 wani fim na bincike da aka saka a YouTube ya fallasa yadda wasu limaman coci suka yi lalata da yara, da yadda manyansu suka riƙa sauya musu wurin aiki maimakon a hukunta su. Miliyoyi suka kalla cikin 'yan kwanaki. A Oktoban 2020 kuma kotun tsarin mulki ta haramta zubar da ciki ko da likita ya tabbatar jaririn na da mummunar nakasa. Dubban ɗaruruwan mutane, yawancinsu mata matasa, suka cika tituna ana tsakiyar korona, wasu har cikin majami'u. Ƙidayar 2021 ta zo ne 'yan watanni bayan wannan, lokacin zukata ba su huce ba.

Tun kafin nan ma cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2018 cewa cikin ƙasashe fiye da ɗari, babu inda tazarar riƙon addini tsakanin matasa da manya ta kai ta Poland. Masu shiga makarantun horar da limamai sun ragu da fiye da rabi cikin shekara goma. A manyan birane ɗaliban sakandare da yawa sun daina shiga darasin addini, kuma gwamnatin Firaminista Donald Tusk ta rage shi zuwa awa ɗaya a mako daga Satumban 2025.

Kada a ɗauka ƙasar ta zama kamar maƙwabciyarta Czech, inda coci ya zama wurin yawon buɗe ido. Har yanzu a watan Agusta mutane na takawa a ƙafa kwana da kwanaki zuwa Częstochowa, garin da ke da babban wurin ziyarar ibada na 'yan Katolikan ƙasar. Daren jajibirin Kirsimeti har wanda ya daina zuwa coci yakan zauna a teburin iyayensa, a jira fitowar tauraro na farko, a gutsura wata siririyar waina a raba ana yi wa juna fatan alheri, ba a cin nama sai kifi. A teburin nan akan ajiye faranti guda babu mai shi, domin baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa ba zato.

Musulmin da suka daɗe da zuwa

Ba a haramta Musulunci a Poland ba. Hasali ma Musulmi sun fi shekara 600 a wannan yanki. A ƙarshen ƙarni na 14 ne basaraken Lituweniya, Vytautas, ya zaunar da Tatar a ƙasarsa, ya ba su gonaki su kuma suna ba shi mahaya doki a lokacin yaƙi. A 1672 wasu rundunoninsu suka yi bore saboda an hana su albashi kuma an fara takura wa addininsu, suka koma ɓangaren Turkawa. Jan Sobieski ya lallashe su suka dawo, kuma a 1679, yana sarki, ya biya su bashin da filaye a gabashin ƙasar. A 1683 da ya tafi ceto birnin Vienna daga rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya, akwai waɗannan Musulmi a cikin mayaƙansa. Masu ƙyamar Musulunci a Turai na yawan ɗaga sunan Sobieski, amma ba kasafai suke ambaton wannan ba.

Ƙauyuka biyu daga cikin waɗanda ya ba su suna nan har yau dab da iyakar Belarus: Kruszyniany da Bohoniki. Masallacin Kruszyniany na katako ne, an shafe shi da koren fenti, kuma in ba don jinjirin watan da ke saman hasumiyoyinsa ba sai ka ɗauka ƙaramin cocin ƙauye ne, don magina na yankin ne suka gina shi da irin fasalin da suka saba. A bayansa cikin itatuwa akwai maƙabarta, duwatsun kaburbura ɗauke da rubutun Larabci a sama, na Poland ko na Rasha a ƙasa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne littattafansu. Tatar sun manta harshensu na asali tun ɗaruruwan shekaru, suka koma yin yaren maƙwabtansu. Amma da za su rubuta tafsiri da addu'o'i da ƙissoshin annabawa, sai suka rubuta harshen Poland da na Belarus da haruffan Larabci, suna ƙara ɗigo a kan wasu haruffa don sautukan da Larabci ba shi da su. Ajami ke nan, irin wanda malamanmu suka yi a Kano da Sakkwato, ba tare da wani ya san da wani ba.

Sun kafa ƙungiyarsu ta addini a 1925, majalisar dokoki ta amince da ita da doka a 1936, suna da muftinsu har yau. Sauya iyakar 1945 ta bar yawancin ƙauyukansu da masallatansu a ɓangaren Sobiyet, tsofaffin masallatai biyu na Kruszyniany da Bohoniki kaɗai suka rage. Yanzu Tatar 'yan dubbai ne. Yawancin Musulmin ƙasar a yau waɗanda suka zo daga baya ne: Larabawan da suka zo karatu zamanin gurguzu suka zauna, 'yan Chechniya da suka gudo daga yaƙi, Turkawa, da ma'aikata daga Asiya ta Tsakiya da Bangladesh. Akwai masallaci a Gdańsk, akwai a Warsaw. Ƙasar ma tana cikin manyan masu fitar da naman halal a Turai.

Ƙyama kuwa akwai ta, ba a ɓoye ba. A 2014 an yi wa masallacin Kruszyniany da maƙabartarsa ɓatanci da fenti. Wani binciken Ipsos na 2016 ya nuna 'yan ƙasar na zaton Musulmi sun kai kashi 7 cikin ɗari, alhali a lokacin ba su kai ko ɗaya cikin dubu ba. Tsoron ya fi yawa a wurin waɗanda ba su taɓa zama da Musulmi ba.

Haihuwa ta ja baya

Matsalar da ta fi damun masu tsara tattalin arzikin Poland ba ta addini ba ce. A tsakiyar shekarun 1950 ana haihuwar jarirai kusan 800,000 a shekara. A 2024 wajen 250,000 aka haifa, mutum sama da 400,000 suka mutu. Tun 2013 babu shekarar da haihuwa ta fi mutuwa yawa. A matsakaici mace na haihuwar ɗa 1.1, alhali sai an kai 2.1 kafin al'umma ta maye gurbin kanta. A Nijar adadin ya kai wajen shida.

Abin ɗaure kai ne ga mai zaton riƙon addini da dokar hana zubar da ciki su ke kawo yawan 'ya'ya. Dalilan da 'yan ƙasar ke bayarwa na yau da kullum ne: tsadar gida a birni, aikin da ba tabbas, jinkirin aure, ga kuma mata da suka fi maza zurfin karatu suna barin ƙauye. Sannan bayan shiga Tarayyar Turai a 2004, mutum sama da miliyan biyu, yawancinsu matasa, suka tafi ci-rani Birtaniya da Jamus da Ireland da Holland. Har ta kai a ƙidayar 2011 harshen Poland ne na biyu a Ingila. 'Ya'yan da za a haifa a Lublin sai aka haife su a Landan.

Gwamnati ta gwada kuɗi. Daga 2016 ana ba iyaye zloti (kuɗin ƙasar) 500 duk wata a kan yaro, aka ƙara zuwa 800 a 2024. Talauci a gidaje masu yara ya ragu, haihuwa ta ɗan motsa shekara biyu, sannan ta ci gaba da gangarawa. Hukumar ƙididdigar ƙasar na hasashen jama'a za su koma tsakanin miliyan 30 da 31 nan da 2060. Birnin Łódź kaɗai ya yi asarar kusan mutum 200,000 tun ƙarshen shekarun 1980.

Baki na cewa a'a, kasuwa na cewa a zo

Ga talakan Poland, wannan na nufin makarantar ƙauye da aka rufe don babu yara, ɗakin haihuwa na asibitin gunduma da aka kulle, da tsohuwar da 'ya'yanta ke ƙasar waje ba mai kai ta asibiti. Mata na ritaya a shekara 60, maza a 65, masu biyan kuɗin fansho kuwa raguwa suke. Masana'antu da gonaki da kamfanonin gini na neman hannu, domin rashin aikin yi a ƙasar na cikin mafi ƙanƙanta a Turai.

Shi ya sa gwamnatin da ta ƙi karɓar kason 'yan gudun hijirar da Tarayyar Turai ta raba a 2015 ita ce kuma ta riƙa ba da takardun izinin aiki ga dubban mutane daga Indiya da Nepal da Philippines da Uzbekistan da Turkiyya. Baƙin da ke biyan kuɗin inshorar ma'aikata sun haura miliyan ɗaya. A 2023 badaƙalar sayar da biza ta fashe har mataimakin ministan harkokin waje ya rasa kujerarsa, kuma tun daga nan aka tsaurara bizar ɗalibai, abin da duk mai shirin tafiya karatu daga nan ya kamata ya sani. Bayan harin Rasha na 2022 miliyoyin 'yan Ukraine sun ratsa ta ƙasar, kusan miliyan ɗaya suka zauna, kuma su ne suka cika majami'un Otodoks da ƙidayar 2021 ba ta gani ba. An karɓe su hannu bibbiyu da farko, mutane na kai su gidajensu. Yanzu zumuɗin ya ragu, har a 2025 aka yi ta gardama kan ko a ci gaba da ba yaransu zloti 800 ɗin nan. 'Yan Afirka kaɗan ne, ko da yake Emmanuel Olisadebe ya ci wa ƙasar ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 2002, John Godson kuma ya shiga majalisar dokokinta a 2010, dukkansu haifaffun Najeriya.

A kan iyakar Belarus kuwa labarin daban ne. Tun 2021 gwamnatin shugaban Belarus, Lukashenko, ke turo mutane daga Iraƙi da Siriya da Afghanistan da Afirka zuwa dajin da ke kan iyakar, sojojin Poland na mayar da su. An gina katangar ƙarfe mai tsawon kilomita 186, kuma gwamnatin Tusk da ta gaji PiS ba ta sassauta ba, a 2025 ma ta dakatar da karɓar neman mafaka a wannan iyaka. Masu goyon bayan matakin na cewa maƙiyi ne ke amfani da mutane a matsayin makami. Masu suka na tuna wa jama'a da farantin nan na daren Kirsimeti. Wasu mazauna ƙauyukan yankin sun riƙa kunna koriyar fitila a tagoginsu, alamar cewa mai jin sanyi zai iya ƙwanƙwasawa.

Mutane da dama sun mutu a dajin da koginsa. A Nuwamban 2021, da aka rasa inda za a kai wasu gawarwakin, Tatar na Bohoniki suka ce a kawo musu. Limaminsu ya yi musu sallah, aka binne su a gefe guda na maƙabartar ƙauyen, har da wanda ba a san sunansa ba.